Cikin da Ya Zauna a Kan Tabo

Ɗana na biyu da fiɗa aka ciro shi. A gicciye ya zo, na yi kwana biyu ina naƙuda a ƙauyen da nake koyarwa, tsakanin Agiye da Cadawa, kafin a sa ni a mota a kai ni asibiti. Abin da aikin ya bar mini shi ne dogon tabo ƙasa da cibiya, mai ƙaiƙayi duk lokacin da hadari ya haɗo. Iyakar sanina ke nan. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa idan an yanka fata to an yanka mahaifa ma, ita ma tana da nata tabon can ciki inda ido ba ya kaiwa. Ni da nake tsayawa gaban allo ina zana wa yara hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa hanji, sai da na haura shekara talatin na san wannan.

Bayan shekara uku, daidai lokacin da aka koma lakol bayan hutun makaranta, mutanen gari na ta haƙar aya a gonaki, wata ya zo ya wuce ban ga al'ada ba. Warin daddawa ya fara tayar mini da zuciya. Na san abin da ake ciki, na gaya wa maigidana, ya yi murna, ya ce Allah ya sa mace ce tunda maza biyu ne a gidan. Bayan kamar sati biyu sai na fara ganin ɗan jini, kaɗan kaɗan, ba ciwon mara, ba ciwon baya.

A lokacin gwaggona tana zaune tare da mu. Ƙanwar mahaifina ce, daga Tibiri, ta dawo wurina bayan rasuwar mijinta. Ungozoma ce tun tana da ƙarfinta, rabin ƴaƴan unguwarsu a hannunta suka faɗo. Na gaya mata, ta sa na kwanta, ta danna marata da yatsu uku, ta ce:

"Ba komi ba ne, ɗiyata. Ki bar ɗaukar ruwa, ki bar hawan mashin. Ciki da yawa haka sukan fara, su kuma zauna lahiya."

Ba zan yi ƙarya ba, tsoro ba shi ya kai ni Agiye ba. Na ji an ce an kawo na'urar eko a matanite, wato asibitin haihuwa, wadda ake ɗora wa mace a ciki a ga ɗa tun bai kai ɗan yatsa ba. Cikina biyu na farko ban taɓa ganin wannan ba sai da suka tsufa. So nake in ga yadda mutum yake tun yana ɗan mitsitsi. Na nemi izinin darakta, na bar wa ajina aikin lissafi a allo, na shiga motar kasuwa.

Sajfam ɗin da ke aikin eko, wato ungozomar asibitin, mace ce mai fara'a, tana ta zolayata wai malaman lakol sun fi kowa tambaya. Ta shafa mini wani mai mai sanyi a ciki, ta ɗora kan na'urar. Na ɗaga wuya ina kallon gilashin. Ni dai ban ga komai ba sai baƙi da toka-toka suna motsi, kamar talabijin idan ruwan sama ya ɗauke hoto. Ita kuwa sai ta daina zolayar. Ta yi sama da na'urar, ta yi ƙasa, ta koma sama.

"Madan, an taɓa yi miki aiki?"

Na ce ga tabon nan tana gani.

Ta ɗauki karne ɗina na asibiti, ta juya bayansa, ta zana wani abu kamar gora a kife. Ta nuna saman gorar ta ce nan ne ɗakin da ɗa ke zama, kuma ɗakin wayam yake. Sannan ta yi ɗan ɗigo a ƙasa, wajen wuyan gorar, ta ce cikin yana nan, kuma tana jin daidai wurin da aka ɗinke ne. Ta ce ita ba ta taɓa gani da idonta ba, a takarda kawai ta karanta, don haka ba za ta yanke magana ba. Ta rubuta mini takardar zuwa Maradi. Har na kai ƙofa ta kira ni ta ce:

"Ko jini ya ƙaru, kar ki yarda kowa ya yi miki wankin ciki a hanya. Kowa ne. Ki wuce Maradi kai tsaye."

A mota ina dawowa na yi ta kallon zanen nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ɗaki na nan a share, fili guda, me ya sa baƙo zai zauna a bakin ƙofa?

Washegari muka tafi mu uku, ni da maigida da Gwaggo, wadda ta ce ba za a taɓa cikin ɗiyar wanta ba tana ƙauye. Likitan da ya gan mu dattijo ne siriri, furfura ta fara fito masa, Hausarsa da ɗan karin Zabarmanci. Ya sake yin eko, wannan karon ta ƙasa, da wata doguwar na'ura, ya ce ta nan aka fi ganin gaskiya. Da ya lura ina ta miƙa wuya, sai ya juyo gilashin gabana.

Ya nuna mini baƙin da'ira kamar ƙwayar wake. Ya nuna wani babban baƙi a gefenta ya ce mafitsara ce. Tsakaninsu akwai ɗan siririn layi. Ya ce bangon mahaifa ke nan, a wurin mace mai lafiya yakan yi kauri, amma a nan tsohon ɗinki bai cike sosai ba, ya bar ɗan rami, ƙwan ya faɗa ramin ya kafa saiwa. Abin da ya rage tsakanin cikin da mafitsara bai fi ɓawon gyaɗa ba.

A tsakiyar ƙwayar waken akwai wani abu yana ƙyafta-ƙyafta. Na tambaye shi mene ne. Ya ce zuciya ce. Abin da na baro ajina don in gani ke nan, na kuwa gan shi.

Da muka zauna a buro ɗinsa, wato ofis, na ce:

"Likita, tunda yana da rai, ba za a iya ɗaga shi a mai da shi sama ba? Mu ko tumatir mukan cire shi daga reno mu dasa."

Bai yi mini dariya ba. Ya ce mata da yawa sun yi masa wannan tambayar, da ana iyawa da ya fi kowa murna. Amma da zarar an raba shi da jijiyoyin da ya kama, ba ya sake kamawa. Ya ce idan aka bar shi, yana girma yana cin bangon, wata rana mahaifa ta fashe, jini ya ɓalle a ciki. Idan kuma ya daɗe bai fashe ba, mabiyiya kan shige cikin nama har ta taɓa mafitsara, ranar haihuwa a rasa yadda za a raba su sai an cire mahaifar gaba ɗaya. Ya tambayi nisan ƙauyenmu da asibitin da ke da jini a ajiye. Maigida ya faɗa masa. Mu ma mun gane nisan ya yi yawa.

Ya ce hanya uku ce. Akwai allura mai tsai da cikin, jiki ya shanye shi a hankali, amma takan ɗauki watanni, kuma jini na iya zuwa ba shiri ina can ƙauye. Akwai buɗe ciki kamar na farko. Sannan akwai aikin da ake yi ta ƴan ƙananan ƙofofi, a zura kamara ta cibiya, a cire cikin, a yanke tsohon tabon a sake ɗinke wurin. Ya ce suna da kayan aikin, kuma shi ya fi son wannan a gare ni, amma in na yarda in sa hannu cewa idan jini ya fi ƙarfinsu za su buɗe, in ma ta kama su cire mahaifar.

Maigida ya ce a ba mu zuwa la'asar. Muka fita ƙarƙashin bishiyar bedi ya kira mahaifina a Tibiri, don shi ne mai karatu a danginmu. Damuwarsa ɗaya ce, kar mu ɗauki alhakin rai. Na ji muryar Baba ta cikin wayar yana tambaya dalla-dalla: wata nawa ne, likita nawa suka gani, akwai wata hanyar da za a tsira da duka biyun? Da aka ba shi amsa ya ce wannan lalura ce, ran uwa yana hannu, ba a sakinsa don abin da ba zai kai ba. Ya ce a ba ni wayar. Abin da ya ce mini kawai: "Ki yi haƙuri, uwata. Allah ya ba ki ladan." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Gwaggo ba ta yi gardama a kan cirewa ba, ta ga mata sun mutu da zubar jini, ta san abin. Abin da ya gagare ta shi ne maganar ƙofofi.

"Ni dai ban gane ba. Hannu bai shiga ba, ido bai shiga ba, da mi za su ɗinke? Mu nan da munka ga haihuwa iri-iri, ba mu taɓa jin an yi ɗinki a ɗaki ana tsaye a waje ba."

Ta yi ta maimaita wannan a ɗakin da aka kwantar da ni, har wata ma'aikaciyar ɗakin fiɗa da ta zo ɗibar jinina ta ji. Ta yi dariya ta ce, "Iya, bari in nuna miki." Ta fita ta dawo da wani tsohon ƙarfe da suka daina aiki da shi. Tsawonsa ya kai kamu guda, kaurinsa kamar alƙalami, a gindi yana da mariƙi irin na almakashi, a can ƙarshe kuma ɗan baki kamar na tsuntsu. Ta matsa mariƙin, bakin ya buɗe ya rufe.

Gwaggo ta karɓa ta juya shi. Ta ajiye ƙwayar gyaɗa a kan gado, ta tsaya daga nesa tana ƙoƙarin ɗauka. Sau huɗu tana kuɓuce mata. A na biyar ta kama, ta ɗaga ta sama, duk matan ɗakin suka yi shewa. Ta mayar da ƙarfen ta ce wa ma'aikaciyar:

"To shi likitan naku, shekara nawa ya yi yana koyon wanga abu?"

Ta ce ya daɗe, har ƙasar waje ya je. Gwaggo ta ce to ta yarda, amma za ta duba aikin da idonta in an gama.

Ni ma na samu nawa rabon. Na tambayi ma'aikaciyar yadda ake gani a ciki, tunda ciki duhu ne kuma kayan ciki a cunkushe suke. Ta ce kamarar da fitilarta take shiga, kuma kafin nan sai an hura iska a cikin ya kumbura kamar an kafa laima, sannan a sami filin aiki. Na kwanta ina tunanin fitila a cikin cikina, wurin da haske bai taɓa shiga ba sai sau ɗaya, ranar da aka ciro yaron.

Da hantsi aka shiga da ni. Ɗakin akwai sanyi. Na ga babban talabijin a kan wata kanta mai taya, wayoyi na lilo a bayansa. Na ce wa likita:

"Ba za a bar ni ido biyu in kalla ba?"

Ya ce wannan aikin sai an yi barci sosai, amma ya yi alkawari zai ajiye mini hotuna. Mai ba da maganin barci ya ce in ƙirga. Na fara da Faransanci kamar ina aji, ban san inda na tsaya ba.

Da na farka, abin da na fara yi shi ne lalubar cikina. Ba babban bandeji. Ƴan filasta huɗu ne, ɗaya a cibiya, uku a ƙasa. Maigida na tsaye a kaina, ya ce ba a buɗe ba, mahaifa tana nan, ko ƙarin jini ba a yi mini ba. Maƙogwarona na zafi. Abin mamaki kuma, inda ya fi yi mini ciwo kafaɗar dama ce. Na ce ko dai an bar ni na faɗo daga gadon fiɗa ne? Ma'aikaciyar nan ta ce sauran iskar ce ta taru a ƙarƙashin haƙarƙari, akwai jijiyar da ta haɗa wurin da kafaɗa, shi ya sa jiki ke kai ƙara inda ba a taɓa ba. Ta ce in tashi in yi tafiya zai wuce. Na tuna wancan aikin, da na yi kwanaki ko tari ba na iyawa sai na dafe ciki. Wannan karon kafin magariba na taka har bakin baranda.

Likita ya cika alkawari. Washegari ya zo da wayarsa, ni da Gwaggo muka haɗa kai a kanta. Ashe cikin mutum ba baƙi ba ne, ja ne mai haske, yana sheƙi, da ɗan kitse rawaya a gefe-gefe. Ya nuna mahaifa, sumul kamar ƙwai. A ƙasanta akwai wani kumburi shuɗi-shuɗi kamar nunanniyar ɗinya, jijiyoyi sun kewaye shi. Ya ce shi ne. Ya ce sai da suka fara janye mafitsara ƙasa a hankali, don ta manne da tabon, nan ne aikin ya fi cin lokaci. Hoto na gaba wurin a buɗe. Na ƙarshe kuma ɗinki ne, layi biyu, ɗaya bisa ɗaya.

Gwaggo ta sa yatsa ta faɗaɗa hoton kamar yadda ta ga jikokinta na yi. Ta ƙirga ƙullin zaren. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce:

"Shekara nawa ina taɓa wagga aba ta bayan fata, yau na ga fuskarta."

Sai ta ɗago ta tambayi likita ina abin da aka cire, don a ba ta ta binne. Ya ce an sa shi a kwalba za a kai awo, don a tabbatar ba wata cuta a tare da shi, haka ƙa'idar take. Ta ce ko ɓari ne akan rufe shi da ƙasa. Ya ce ya sani, ya ba ta haƙuri. Ba ta ji daɗi ba, kuma har muka bar asibitin ba ta sake yi masa magana ba sai gaisuwa.

Ni duk kwanakin nan ban yi kuka ba. Tambayoyi sun riƙe ni. Sai a hanyar komawa gida, rana ta uku, da motar ta tsaya a Cadawa. Wata mata ta shigo da jariri sabuwar haihuwa a naɗe cikin zane, ta ce in riƙe mata ta gyara kayanta. Na riƙe shi, na ji ɗuminsa a hannuna, ƙyaftawar nan da na gani a gilashi ta dawo mini. Na mayar mata da ɗanta, na ja mayafi na rufe fuska har muka iso ƙauyenmu. Gwaggo ta ɗora hannu a gwiwata.

A gida mata suka yi ta zuwa dubiya. Sun zo da shirin ganin mai jinya a kwance, suka tarar ina zaune ina tsinke zogale. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita ba ta yarda an yi mini aiki ba, sai da na shiga ɗaki na nuna mata. Ta duba filastocin ta ce ko sakiyar wanzami ta fi wannan faɗi. Daga nan duk wadda ta zo sai ta ce a nuna mata, har Gwaggo ta gaji ta ce cikin ɗiyarta ba silima ba ne. Amma ita ce kuma ke ba su labarin ƙarfen da gyaɗar, kowane zuwa tsawon ƙarfen na ƙaruwa. Ta so ta yi mini wankan ruwan zafi irin na jego, na ce likita ya hana a jiƙa wurin. Muka daidaita a kan kunun kanwa, wanda na sha har ya gundure ni.

Bayan sati biyu na koma aji. Amma aikin bai ƙare ba, don kowane sati sai na je an ɗebi jinina. Akwai wani abu da ciki ke zubawa a jini, shi ake aunawa, in ya sauka har ya ɓace to ba a bar saura ba. Sati na farko ya faɗi sosai, daga nan ya riƙa sauka da jan ƙafa, har sai da aka gama sussukar gero sannan aka ce ya ƙare. Likita ya ce kar in ɗauki wani ciki sai ɗinkin ya yi ƙwari, shekara guda ko fiye, aka sa mini ɗan tsinken tazara a dantse. Ya ce duk ranar da na samu ciki in zo eko tun watan farko, kuma haihuwa sai dai fiɗa, kafin naƙuda ta fara. Na tambaye shi abin da ya sa wata mai tabo ke haihuwa biyar lafiya, wata kuma ƙwai ya faɗa ramin. Ya ce suna da zato iri-iri, amma gaskiya ba su gama sani ba. Na ji daɗin wannan amsar fiye da yadda na zata.

Damina ta zagayo, wata rana da safe matar mai gadin lakol ɗinmu ta same ni ina shara. Ita ma da fiɗa ta haifi ƴarta. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta ce wata biyu ke nan ba ta ga al'ada ba, kuma tun da ta ga abin da ya same ni take jin tsoro. Ba jini, ba ciwo, tsoro kawai. Na ce ta shirya ranar da ba lakol mu je Agiye.

Sajfam ɗin nan ce dai. Ta gane ni, ta ce yau ma da tambayoyi na zo? Na ce rakiya na yi. Ta ɗora na'urar, ni ina tsaye a bayanta. Wannan karon na iya karanta gilashin kaɗan. Na gane mafitsara, na gane wuyan mahaifa, na nemi ƙwayar waken a ƙasa ban gan ta ba. Tana can sama, tsakiyar ɗaki. Kafin sajfam ta buɗe baki na ce, "Yana wurinsa." Ta juyo ta harare ni, ta ce to Madan, sai in ba ki rigar aikin. Matar mai gadi ta tashi tana goge man da bakin zanenta, tana dariya tana hawaye. Muka fito, ta ce yunwa take ji, rabonta da cin abin kirki kwana uku. Muka zauna a rumfar mai ƙosai kusa da tasha, ta ci nata ta ƙara da rabin nawa, muna jiran mota ta cika.